Motar da aka karɓe daga hannuna

Ni ɗan direba ne. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi shekaru yana jan tirela tsakanin Kano da Legas, ya tafi da albasa ko wake ko fata, ya dawo da goro ko kayan kanti. Mu biyu ne maza a ɗakin mahaifiyarmu, ni da ƙanena wanda na ba shekara takwas, sauran duk mata. Tun ina firamare nake bin Baba idan an yi dogon hutu. Da na gama sakandare ban samu halin wucewa gaba ba, sai na zama karen motarsa sosai: ni ne sa waigi, ni ne duba ruwa da baƙin mai, ni ne kwana a ƙarƙashin bodi ina gadin kaya.

Hanyar tana da nisa, kimanin kilomita 1,000. Mu bar Kano mu bi Zariya, mu kwana a Mararrabar Jos, mu ratsa Birnin Gwari da Tegina da Mokwa, mu haye gadar Jebba, sannan Ilori da Ogbomosho da Ibadan. A duk tsawon tafiyar nan da wuya ka ga allurar malejin Baba ta haura 60. Wasu tirelolin su zo su wuce mu suna hon, yaransu suna ɗago mana hannu suna dariya, ni kuma abin ya riƙa cin raina. Wata rana na ce, "Baba, hanya fa ba kowa." Bai ko dube ni ba ya ce, "Tayar da mota ba wuya, yaro. Tsayar da ita ne aikin direba. Kafin ka taka totur ka fara sanin inda za ka tsaya."

Bai yi boko ba, amma ya san motarsa ciki da bai. Kafin mu shiga gangare yakan rage giya tun daga sama, don kada ya dogara da birki har ya yi zafi ya shanye. Idan shanu muka ɗauko tuƙinsa daban ne, saboda kaya ne mai rai, a kwana sai su karkata gefe guda su rinjayi motar. Ya taɓa jan tanka kafin a haife ni, ya ce mini tankar da ba ta cika ba ta fi cikakkiya haɗari, domin man yana kai-komo a ciki, kana taka birki shi yana tunkuɗo ka ta baya. Irin wannan karatu na yi a gefensa, a hankali, ba tare da na san karatu nake yi ba.

Sai da na je neman lasisi na sami ɗan littafin dokokin hanya na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988 zamanin mulkin Janar Babangida. A ciki na ga ashe kowace irin mota da nata ma'aunin gudu, kilomita nawa a awa. Tirela da tanka 45 ne a cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen titi irin na Kano zuwa Kaduna. Motar gida an yarje mata 50 a gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwaye. Tasi da bas su ma 50 da 80 ne, amma a tagwayen titi iyakarsu 90, saboda rayukan mutane suka ɗauko. Babur 50 ne ko'ina, kuma ba a ma ware masa komai a tagwayen titi ba. Motar da take janye da wata kuwa 45 ne duk inda take. Na karanta wa Baba da daddare a tsakar gida. Ya yi murmushi ya ce, "To ai sun yi gaskiya," ya ci gaba da cin tuwonsa.

Bayan rasuwarsa mai tirelar ya sayar da ita. Na yi aure, ina son na riƙa kwana a gida, sai na koma jan bas, Kano zuwa Kaduna. Daga baya wani Alhaji ya ba ni sabuwar Hiace, irin wadda muke kira homa, bisa sharaɗin balas, wato kuɗin da direba yake kawo wa mai mota. Wanda bai yi aikin tasha ba ba zai gane yadda gudu yake shiga jinin direba ba. Akwai balas ɗin mai mota, akwai kuɗin mai, akwai na tasha, akwai na hanya, sannan abin da ya ragu shi ne cefanen gidanka. Wanda ya riga isa shi zai riga shiga layi, wanda ya riga shiga layi shi zai iya samun sawu na biyu. Kowane minti sai ya zama kamar kuɗi ne yake zubewa.

Sannan ga fasinja. Wallahi yawancin matsin da na sha daga bayan kujerata ya fito. Ina kan 90 daidai, sai ka ji wani ya ce, "Direba, ƙwai ka ɗauko ne?" Wani ya ce yana da ɗaurin aure ƙarfe ɗaya, wani ya ce kasuwa za ta tashi. Idan wata homar ta wuce mu sai motar ta ɗauki tsaki. A tasha kuma suka sa mini sunan hawainiya, har yaran kamasho sukan gaya wa mai sauri ya jira ta baya. Ban taɓa canzawa ba. Na riga na yi lissafin tun tuni: Kano zuwa Kaduna wajen kilomita 230 ne, mai tafiya a 90 da mai tafiya a 120 bambancinsu bai kai minti 40 ba, shi ma in an ɗauka babu gari, babu rami, babu shinge a hanya. A zahiri sau da yawa ina sauke fasinja nake tarar da wanda ya wuce ni bai gama kwance igiyar kayansa ba. Amma wannan ɗan tsiran shi ke raba mai sawu ɗaya da mai sawu biyu, kuma shi mai mota yake gani.

Ƙanena a hannuna ya koyi mota. Ba don ya rasu nake faɗa ba, yaron yana da hannu. Ya fi ni iya ribas, ya fi ni jin ciwon inji, ga fara'a, ga kyauta. Idan ya shigo gida da ledar tsire duk yaran unguwa sai sun samu. Abu ɗaya ne ya raba mu, yana son gudu, kuma ya faɗa cikin abokan da suke yi masa kirari a kai. Yana jan wata tsohuwar Sharon a lokacin, zuwa Zariya. Nakan zaunar da shi in yi masa faɗa, ya sunkuyar da kai ya ce, "To Yaya, in sha Allahu." Mahaifiyarmu ma ta yi, har da hawaye. Yakan lafa na ɗan lokaci, sai kuma in ji labari a tasha cewa ya ƙure maleji.

A watan Fabrairun 2017 hukuma ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar taƙaita gudu. Na yi murna ƙwarai, na ce yanzu kowa zai dawo daidai da ni, gorin ya ƙare. Alhaji ya sa wa motata, ya karɓo takarda. Ba a jima ba na gane wasu sun samo hanya. Akwai masu wayarin da suke tsinke ta, ko su yi mata dabarar da za a kunna idan an hango jami'ai a kashe idan an wuce. Takarda tana nan a aljihun mota, gudu kuma yana nan yadda yake. Sai na zama ni kaɗai ne cikin motocin Alhaji nake kawo balas ɗin sawu ɗaya a ranakun da ake rububin mota.

Farkon 2019 ya kira ni gidansa. Bai ci mutuncina ba. Ya ce ya san ni mai amana ne, motarsa ko kwarzane ba ta taɓa yi ba a hannuna, amma shi ma bashi ya ci ya saye ta. Ya miƙo hannu na ba shi makulli. Da yamma sai ga ƙanena ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakina, ya ce shi Alhaji ya kira ya ba motar. Ya ce, "Yaya, idan ban karɓa ba wani zai ba, gara ta zauna a gida. In kuma ka ce kada na karɓa, na bar ta."

Na daɗe ban amsa ba. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba, domin yaron da na koya wa riƙe sitiyari ne aka fifita a kaina, kuma a kan abin da nake hana shi. Amma yana da mata da 'ya'ya uku, Sharon ɗin kullum tana gareji, kuma maganarsa gaskiya ce, wani za a ba. Na ce ya karɓa, da sharaɗi ɗaya, kada ya taɓa na'urar nan. Na kuma ja shi wajen motar na nuna masa tayoyin baya. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta, kuma jami'an kiyaye haɗurra suna cewa taya ta wuce shekara huɗu ta tashi aiki ko da zanenta bai cinye ba. Na ce lokacinsu ya kusa, ya matsa wa Alhaji a canza, kuma kada ya yarda da 'yan gwanjo. Ya ce to. Tayoyin ya canza. Na'urar kuwa ba a rufa wata ba na ji an cire.

Watannin da suka biyo baya sun yi mini tsanani. Na nemi mota a wurare, amma sunana ya riga ni zuwa: mutumin kirki ne, sai dai ba ya kawo kuɗi. Na koma ɗaukar bulo da siminti a a-kori-kurar wani maƙwabcinmu, ranar da aka samu a ci, ranar da ba a samu ba a yi haƙuri. Maiɗakina ta fara soya awara a ƙofar gida. Babbar 'yata ta zauna zango guda ba makaranta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne buhun shinkafar da ƙanena ya aiko mana da azumi. Na san da zuciya ɗaya ya aiko, na kuma san daga ina kuɗin suka fito. Akwai daren da na kwanta ina tambayar kaina ko ni ne ban iya zama da duniya ba. Ba mu yi faɗa da shi ba, muna gaisawa, muna haɗuwa a ɗakin Inna ranar Juma'a, amma maganar mota ta fita daga tsakaninmu, domin duk lokacin da na ɗauko ta sai ta zama kamar hassada nake yi.

Babbar Sallar shekarar a watan Agusta ta faɗo, tsakiyar marka. Jajibiri mutane sun yi cincirindo a tashoshi, kuɗin mota ya tashi. A lokacin ana aikin sake gina hanyar Abuja zuwa Kano, a wurare da dama an rufe hannu ɗaya an haɗe masu zuwa da masu dawowa a ɗayan. Ya je Kaduna da asuba ya dawo, ya sake lodi ya koma, ya kuma ɗauko na dawowa bayan magariba. Wajen ƙarfe goma sha ɗayan dare wayata ta yi ƙara, lambarsa ce, amma muryar ba tasa ba. Mutumin ya ce wannan lambar ya gani an rubuta Yaya, in zo wajen Kwanar Ɗangora.

Wani abokina ne ya kai ni. Ba zan bayyana abin da na gani ba, saboda akwai iyalan da har yau suke kuka, kuma ni ma ba na iya jurewa. Motar da na yi shekaru ina wankewa da hannuna ban gane ta ba sai da na haska lambarta. Ta shige ƙarƙashin kan wata tirela mai ɗauke da taki. Jami'an kiyaye haɗurra da mutanen ƙauyen sun riga sun fitar da waɗanda za su fitu. Fiye da rabin motar sun rasu nan take, har da shi. Washegari, mutane suna saukowa daga idi cikin sababbin kaya, mu muna ɗauke da makara. Ragon da ya saya wa Inna yana ɗaure a zaure, babu wanda ya iya tuna a yanka shi sai rana ta biyu.

A daren haɗarin wasu matasa sun so cinna wa tirelar wuta, direbanta ya tsere cikin gonaki ya kai kansa wurin 'yan sanda. A wajen zaman makoki ma maganar da ake ta yi ke nan, manyan motoci sun gama da mutane. Bayan addu'ar bakwai na ce zan je na gan shi. 'Yan uwa suka hana, na tafi. Dattijo ne, ya kusa sa'ar Baba, idanunsa sun kumbura. Da ya ji ko ni wane ne sai jikinsa ya hau rawa. Ya ce, "Ɗana, wallahi ina hannuna. Ban kai hamsin ba, ruwa ake yi. Na ga fitila ta fito daga bayan wata mota, na taka birki, na yi hon, na kauce iyakar inda zan iya. Buhu ɗari shida ne a bayana." Ban buƙaci ya rantse ba. Na zauna a irin kujerarsa shekara da shekaru, na san tirela mai cikakken lodi a jiƙaƙƙen titi ba ta tsayawa don direba yana so. Na riƙe hannunsa muka yi kuka tare. Na gaya wa jami'in da ke riƙe da maganar cewa mu ta ɓangarenmu ba mu da ƙara a kansa.

Sauran labarin a asibiti na same shi, wurin wata baiwar Allah da ta karye a cinya da haƙarƙari. Tana zaune a layi na biyu, tana hango maleji. Ta ce tun daga Zariya allurar take wajen 130. Ta ce, "Na yi magana, Malam. Na ce direba ka ji tsoron Allah ka rage, akwai yara a motar nan. Ya rage kaɗan. Sai na gaba suka ce ya rabu da ni, mata tsoro gare su, su gobe da sassafe za su kasuwar raguna. Wani ya ce in kwana ya ƙare ko a kan gado ake mutuwa." Ta ce ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, hanyar nan a tafin hannuna take." Ba ta faɗa da ƙiyayya ba. Ta ma ce yaron kirki ne, shi ya ɗora mata kayanta da kansa ya ƙi karɓar kuɗin kaya.

Na yi ta juya lambar nan a kaina. A inda aka haɗe hanya ta zama hannu ɗaya, ko rana ce tsaka kuma busasshen titi, bas ba ta da hurumin wuce 80, balle dare da ruwa da aikin hanya. Mota a kan 130 tana cin mita 36 a daƙiƙa guda. Kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta gane, ƙafa ta bar totur ta koma birki, ta shafe tsawon tirela biyu ko fiye ba a ma fara tsayawa ba. Nisan da birki ke buƙata kuma ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: in ka ninka gudu sau biyu, shi sau huɗu yake ninkuwa. Tsakanin 80 da 130 ya haura ninki biyu da rabi. Iya tuƙinsa, wanda kowa ya shaida, ba shi da abin da zai yi a wannan wurin. Ga gajiya, tun asuba yake kan kujera.

Mutane da yawa sun zo ta'aziyya suna cewa ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, kuma na san kwanansa ya ƙare a daren nan. Amma zuciyata ba ta natsu ba, sai na je wurin malaminmu na zayyana masa komai, har da maganar na'urar. Ya yi shiru, sannan ya ce ƙaddara ba ta ɗauke hakki. Ya ce dokar da hukuma ta sa don kare rayuka wajibi ne a bi ta, kuma direban da ya ƙetare ta har rai ya salwanta hukuncin kisan kuskure ne a kansa, wanda Allah ya ambata a Suratun Nisa'i: diyya ga magada sai in sun yafe, da kaffarar azumin wata biyu a jere. Ya ce diyyar kisan kuskure a kan dangi take. Ya ce, "Ɗan'uwanka ya tafi, ba zai iya neman afuwa ba. Ku ne bakinsa yanzu."

Wannan shi ne aiki mafi nauyi da na taɓa yi. Muka karɓo takardar sunayen fasinja daga tasha, ni da kawunmu da limamin unguwa muka shiga bin gidaje. Wasu a cikin Kano, wasu a ƙauyuka, ɗaya har Haɗeja. Ka yi sallama a gidan da ba a san ka ba, a shimfiɗa maka tabarma, a kawo maka ruwa, sannan ka buɗe baki ka ce kai ne yayan direban. Wani tsoho da ya rasa ɗansa da jikansa ya ce ya yafe duniya da lahira tun kafin mu gama magana, ya kuma tambaye mu marayun da namu ya bari. A wani gidan matar mamacin ta leƙo daga bayan labule ta ce, "Ku gaya mini, saurin me yake yi?" Babu wanda ya iya amsa mata a cikinmu. Wani gida kuma ba a bar mu mun zauna ba, kuma ban ga laifinsu ba. Mun sayar da gonar gadonmu muka kai wa waɗanda suka fi shiga ƙunci abin da ya sawwaƙa. Bai kai diyya ba, ko kusa. Har yau akwai gidan da nake komawa duk azumi.

Bayan haka jikina ya ƙi. Barci ya ƙaurace mini, aka auna ni aka ce hawan jini. Idan na zauna a kujerar direba sai tafin hannuna ya jiƙe, in ji kamar numfashina zai ɗauke, ko a-kori-kurar ma na ajiye. Na yi fushi da Alhaji, na yi fushi da fasinjan da suka zuga shi, alhali su ma suna cikin mamatan, na yi fushi da shi kansa, sannan in tuna fuskarsa a ƙofar ɗakina in rasa inda zan sa kaina. Inna ba ta sake zama daidai ba. Ba ta taɓa ce mini komai a kan motar ba, sai dai duk wanda zai yi tafiya a gidanmu takan riƙe hannunsa ta ce ya gaya wa direba ya tafi sannu. Matarsa ta gama takaba ta koma gidansu da ƙaramar, manyan biyu suka dawo hannuna. Maiɗakina ce ta riƙe gidan a wannan lokacin, ita da kaskon awararta, ba ta taɓa nuna mini gajiya ba. Allah ya saka mata da Aljanna.

Wani tsohon abokin Baba ne ya fitar da ni. Ɗansa yana da makarantar koyon tuƙi, suna neman wanda ya san manya da ƙananan motoci. Na ce ba na iya tuƙi yanzu. Ya ce ai ba tuƙi za ka yi ba, zama za ka yi a gefe. Haka na fara, a fili, mota tana tafiya kamar ana tura ta. A hankali hannuna ya daina rawa. Yau da wannan aikin nake ci da iyalina da marayun ɗan'uwana.

Ɗalibaina sun san ni da maimaita magana. Ina gaya musu lambar da ke kan allo iyaka ce, ba umarni ba ne cewa sai ka kai ta. In ana ruwa, ko hazo ya sauko, ko dare ya yi, naka ma'aunin ya koma ƙasa. Ina sa su haddace na kowace mota, har wadda ba za su taɓa ja ba, domin mai ƙaramar mota da ya san tirela 60 aka yarje mata kuma ba ta tsayawa da wuri, ba zai sha gabanta ya taka birki ba, ba zai kuma manne mata a baya inda direbanta ba ya ganinsa a madubi ba. Ina nuna musu in taya ta fashe ba a danna birki, sitiyari ake riƙewa da ƙarfi a ɗaga ƙafa daga totur har motar ta lafa. Bel kuwa ba na tayar da mota sai an ɗaura, na gaba da na baya. Na fi tsananta musu a kan 50 ɗin cikin gari, saboda nan ne ake raina doka. Duk wanda ya bi ta Kura ko Kwanar Ɗangora ranar kasuwa ya ga yadda yara masu talla suke tsallaka titi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa idan mota ta buge shi yana ninkuwa sau huɗu da rabi daga gudun 50 zuwa 65. Direba a cikin mota ko jin bambancin ba ya yi. Sannan kowa sai ya adana lambar 122 a wayarsa, ta kiran jami'an kiyaye haɗurra ce, kyauta.

Ban ce direba kaɗai ne mai laifi ba. Hanyoyinmu suna da ramuka, alluna sun ɓace a wurare da yawa, mota takan lalace a bar ta a tsakiyar titi da ganye a maimakon alama. Amma ramin ma mai gudu ya fi kamawa. Kuma muddin mai mota zai auna direba da yawan sawu, fasinja kuma ya auna shi da saurin isa, to za a ci gaba da karɓe makulli daga hannun masu bin doka ana miƙa wa yara masu zafin jini. Ranar da na ji labarin tankar da ta kife a Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024, inda wuta ta ci mutum fiye da 150, da ranar da 'yan wasan Kano sama da 20 suka rasu a haɗarin mota a ƙarshen Mayun 2025 suna dab da isowa gida, ban iya cin abinci ba. Abin da nake hangowa shi ne gidajen, ɗaya bayan ɗaya, da wanda zai je ya yi sallama. Shi ya sa idan na shiga motar haya yanzu nake zama inda zan ga maleji, kuma in wata ta ce a rage gudu nakan ɗaga murya in mara mata baya tun kafin a yi mata caa. Sau da yawa mutum na biyu kawai ake jira, sai ka ji sauran ma sun ce gaskiya ne.

Babban ɗan marigayin ya tasa yanzu, kuma hannun ubansa ya ɗauko. Ya fara bina makaranta ranar Asabar, yana wanke motoci, yana leƙa inji, kwanan baya ya roƙe ni in bar shi ya ja a fili. Na ce lasisi sai ya cika shekara 18, kafin nan zan kai shi garejin wani bakanike ya san birki da taya tukuna. Mahaifiyarsa ba ta so ko kaɗan, ta aiko mini cewa ta roƙe ni da girman Allah in raba shi da harkar mota. Na fahimce ta. Ni kuma ina ganin yaron ba zai rabu ba, in na kore shi tasha zai tafi ya koya a hannun wasu. Ba mu daidaita ba har yanzu. Kawunmu ya ce a bar maganar sai ya gama jarrabawar aji uku, sannan a zauna da ita da Inna a yanke.